Yadda za a shirya inshorar tafiya da tunkarar rashin lafiya a jirgin ruwan shaƙatawa

A 'yan shekarun nan tallar tafiyar shaƙatawa a manyan jiragen ruwa ta fara shigowa wayoyin mutanen Gombe, yawanci ta hannun kamfanonin shirya tafiye-tafiye waɗanda da ma su ne ke nema wa jama'a bizar Umara da ta Dubai. Akwai jiragen da ke tashi daga Dubai su zaga Abu Dabi da Doha a lokacin sanyi. Akwai masu tashi daga Jidda su bi Bahar Maliya, inda kamfanin MSC ya fara jigila a 2021, kamfanin AROYA na Saudiyya kuma ya biyo baya a ƙarshen 2024. Sannan ga na Bahar Rum masu tashi daga Basalona ko Jenowa, da na Durban a Afirka ta Kudu masu zuwa gaɓar Mozambik. Masu zuwa daga wajenmu galibi ango da amarya ne, ko ɗan kasuwar da ya saba da Dubai yake son ya fita da iyali, ko dattawan da suka ajiye aiki 'ya'yansu suka haɗa musu kuɗi domin su huta. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi buƙatar abin da za a faɗa a nan.

Mafi yawanmu da Hajji da Umara muka san fita waje, kuma wannan sabo da muka yi yana iya sa mutum ya saki jiki. Alhajin da ciwo ya tashi masa a Makka yana da asibitin hukumar NAHCON, ga jami'an hukumar alhazai ta jiha, ga asibitocin Saudiyya, ga 'yan ɗakinsa da za su riƙo shi har gaban likita, mai Umara kuma an riga an haɗa kuɗin inshora a cikin kuɗin bizarsa. A jirgin ruwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Katin inshorar lafiya na GoHealth na jihar Gombe da na hukumar NHIA ta tarayya na asibitocin gida ne, ba sa aiki a teku kuma ba sa aiki a ƙasar waje. Abin da ke tsakanin matafiyi da bashin da zai iya cinye gidansa shi ne takardar inshorar da ya saya kafin ya bar Najeriya, idan har ta ƙunshi jirgin ruwa, idan kuma ya faɗi gaskiya game da lafiyarsa lokacin da yake sayenta.

Yadda asibitin cikin jirgi yake aiki

Kowane babban jirgin shaƙatawa yana da ɗan asibiti, yawanci a hawa na ƙasa-ƙasa inda jirgi bai cika tangaɗi ba, da likita ɗaya ko biyu da ma'aikatan jinya. Suna da iskar numfashi, da na'urar auna bugun zuciya da ta farfaɗo da ita, da ta hoton ƙashi, da ɗan ɗakin gwajin jini, da 'yan gadaje. Suna iya ɗinke rauni, su ɗaure karaya, su ƙara ruwa, su riƙe wanda zuciyarsa ta buga har a kai shi tudu. Babbar tiyata da wankin ƙoda da hoton ƙwaƙwalwa, waɗannan sun fi ƙarfinsu, domin aikinsu shi ne su tsayar da ciwo inda yake har a isa babban asibiti.

Kuɗin tikitin jirgi ya ƙunshi ɗaki da abinci, amma ban da ganin likita. Ranar da fasinja ya shiga ana ba shi kati guda mai ɗauke da sunansa, wanda shi ne makullin ɗakinsa, shi ne shaidarsa ta fita da shiga a kowace tasha, kuma da shi yake sayen komai a ciki, domin an haɗa shi da katin bankinsa ko da kuɗin da ya ajiye a teburin karɓar baƙi. Idan ya je asibitin, wannan katin za a karɓa. Kuɗin ganin likita, da na kowace allura, da na kowace ledar ƙarin ruwa, da na kowane gwaji, duk za su hau kan asusun ɗakinsa da dala ko yuro a farashin asibitin kuɗi, kuma yana iya ganin jimillar tana ƙaruwa a talabijin ɗin ɗakinsa. Asibitin yana da sa'o'in buɗewa safe da yamma. Zuwa a wajen waɗannan sa'o'in, ko kiran likita zuwa ɗaki, ya fi tsada. A al'ada jirgi ba ya bin kamfanin inshora bashi: fasinja ne zai biya kafin ya sauka, daga baya ya nemi kamfanin ya mayar masa. Saboda haka ko mai inshora mai kyau yana buƙatar katin asusun dala mai ɗan nauyi, domin katin naira, ko da banki ya buɗe shi ga sayayyar waje, yana da iyakar da ba za ta kai ko'ina ba a irin wannan hali.

Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin, likitan jirgi da kyaftin ne ke yanke hukuncin sauke fasinja, kuma sharuɗɗan tikitin da ya amince da su sun ba su wannan iko ko da shi bai so ba. Idan tasha tana kusa, sai a jira a isa, motar ɗaukar marasa lafiya tana jira a bakin ruwa. Idan da nisa, kyaftin yana iya karkata akalar jirgi zuwa tasha mafi kusa, ko a nemi jirgi mai saukar ungulu na masu tsaron gaɓa, wanda shi ma yana da iyakar nisan da zai iya shiga teku, kuma iska da duhu suna iya hana shi tasowa. Daga nan jirgin ruwa zai ci gaba da tafiyarsa, majinyaci kuma ya zauna a ƙasar da bai shirya kwana a cikinta ba.

Mu ƙaddara dattijo ne daga Jekadafari, mai hawan jini, ya fita da uwargidansa zagayen mako guda a Bahar Rum, sai ɓarin jikinsa ya shanye da daddare tsakanin Girka da Turkiyya, aka sauke shi a tashar Turkiyya da asuba. Asibitin kuɗi zai nemi tabbacin biya. Hajiya tana buƙatar masauki kusa da asibiti, da abinci, da mai fassara, na tsawon makonni. Kamfanin jirgin sama ba zai ɗauki Alhaji ba sai da takardar likita mai nuna ya isa hawa jirgi, kuma wataƙila sai da ma'aikacin jinya mai rakiya da kujerar da za ta ba shi damar miƙewa. Idan kuwa sai da jirgin sama na musamman na ɗaukar marasa lafiya, kuɗin dubun-dubatar daloli ne. Ɗansa da ke Gombe kuma ba zai iya tashi gobe ya je ya taimaka ba, domin fasfon Najeriya sai da biza, biza kuma ba a yini ɗaya ake samunta ba. Wannan matsalar ta ƙarshe tamu ce ta musamman, kuma ita ce dalilin da ya sa nake ganin bai kamata dattijo mai ciwo ya shiga irin wannan tafiya ba sai da ƙaƙƙarfan ɗa ko 'ya mai jin Turanci a tare da shi tun daga gida.

Sayen inshorar

Wanda zai nemi bizar ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, dole ne ya gabatar da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, mai aiki a dukkan ƙasashen yankin har tsawon zamansa, wadda ta ƙunshi jinyar gaggawa da kwanciya a asibiti da mayar da mutum gida. Wannan sharaɗin ne ya sa da yawa ke ɗaukar inshora a matsayin ɗaya daga cikin takardun biza kawai, kamar hoton fasfo da bayanin asusun banki, sai su bar wa ejan ya samo mafi araha. Araha kuwa ba ta ado. Takardar da ta gamsar da ofishin jakadanci tana iya zama ba ta ambaci jirgin ruwa ba sam, ko ma ta cire shi a fili a cikin jerin abubuwan da kamfani ba ya biya, domin kamfanoni da yawa suna ɗaukar tafiyar teku a matsayin ƙari na daban mai kuɗinsa na daban. Idan ejan ya ce, “Ranka ya daɗe, ai wannan ita kowa ke tafiya da ita,” amsar ita ce a roƙe shi cikakken kundin sharuɗɗan, ba shafi ɗaya mai hatimi ba, a ce ya nuna layin da ya ce ana biyan jinyar da aka yi a cikin jirgin ruwa da kuɗin kwaso majinyaci daga teku. Idan bai iya nunawa ba, a kira kamfanin inshorar kai tsaye, a nemi amsarsu a rubuce ta imel.

Bayan haka a ɗauko jadawalin tashoshin da jirgin zai tsaya, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Inshorar da aka rubuta wa yankin Shengen ba ta aiki a Turkiyya ko Tunisiya ko Maroko ko Masar, alhali jiragen Bahar Rum da yawa suna tsayawa a waɗannan ƙasashe. Tasha ɗaya tak a wajen yankin ta isa ta sa a nemi inshora mai faɗin da ya haɗa da ita. Haka kuma wanda jirginsa zai fita daga yankin ya sake komowa yana buƙatar biza mai izinin shiga fiye da sau ɗaya. Masu zuwa Amurka su duba da kyau, domin saboda tsadar jinya a can kamfanoni kan raba inshorar duniya gida biyu, mai haɗawa da Amurka da Kanada da wadda ta cire su.

Game da yawan kuɗi, yuro 30,000 mafi ƙarancin abin da doka ta nema ne, kuma kwanaki a sashen kulawa ta musamman tare da jirgin mayarwa gida suna iya haura shi. Shawarata ita ce a nemi abin da bai gaza dala 100,000 ba na jinya, sannan kuɗin kwasowa da mayarwa gida ya zama a ware, mai yawan da ya fi haka. A tambaya ko kamfanin yana da layin agaji mai aiki dare da rana, kuma ko yana aika wa asibiti takardar tabbacin biya kai tsaye, domin wanda sai ka biya sannan ya mayar maka ba zai cece ka a ƙofar asibitin da ke neman ajiyar dubban yuro ba. A tambayi kason farko da matafiyi zai biya daga aljihunsa a kowace jinya kafin kamfani ya ɗora. A tambayi iyakar shekaru, saboda kamfanoni da yawa suna ƙara kuɗi ko su rage abin da suke biya ko su ƙi karɓa gaba ɗaya idan mutum ya haura wasu shekaru. A tambaya ko ana biyan masauki da tikitin wanda ya tsaya jinya. A kuma tambayi inda mayarwa gida ta ƙare: filin jirgin Abuja ko Kano, ko kuwa har asibitin da ke kusa da gida, domin kai mai shanyewar jiki daga Abuja zuwa Gombe, ta filin jirgin Lawanti ko ta mota, wani aiki ne mai kuɗinsa.

Ranakun inshorar su fara daga ranar barin gida, su wuce ranar dawowa da 'yan kwanaki. Kuma a saye ta da zarar an biya kuɗin tafiya, tun ana Najeriya, domin idan ta ƙunshi fasa tafiya saboda rashin lafiya, wannan ɓangaren daga ranar saye yake fara aiki, kamfanonin jiragen ruwa kuwa ba sa mayar da komai ko kusan komai ga wanda ya fasa a kwanakin ƙarshe. Inshorar da kamfanin jirgin da kansa ke tallatawa a shafinsa sau da yawa ta mazauna wasu ƙasashe ce kawai, don haka a tabbatar mazaunin Najeriya ya cancanta kafin a dogara da ita.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda dalilin addini yana da mafita a tsarin takaful, wanda aka gina bisa taimakekeniya tsakanin masu zuba kuɗi, kuma hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013. Tambayoyin da aka jero a sama duk suna hawa kan takaful ba tare da ragi ba. Ko wanne aka zaɓa, a duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi na NAICOM, a kuma kira shi a karanta masa lambar takardar domin a ji ko tana cikin rajistarsa, saboda takardun bogi da ake bugawa don neman biza kawai suna yawo.

Ciwon da aka tafi da shi daga gida

A nan ne mafi yawan neman biya ke rushewa. Kusan kowace inshorar tafiya tana cire ciwon da mutum yake da shi tun kafin ya saya, sai fa idan ya bayyana shi kamfani ya amince a rubuce, wani lokaci da ƙarin kuɗi. Hawan jini, ciwon suga, asma, sikila, ciwon ƙoda, gyambon ciki, tsohuwar tiyata, duk suna ciki. A wajenmu mutum yana iya shan maganin hawan jini shekara goma, amma idan aka tambaye shi ko yana da ciwo ya ce lafiyarsa lau, kuma ba ƙarya yake nufi ba, don yana ganin wanda ke kwance shi ne marar lafiya, ga kuma kunya da rashin son ambaton ciwo da baki. Kamfanin inshora ba haka yake lissafi ba. A wurinsa duk abin da ake shan magani dominsa, ko aka ga likita a kansa, ko ake jiran sakamakon gwajinsa, ciwo ne da ya wajaba a ambata. Likitan da ya karɓi majinyaci a waje zai tambayi magungunan da yake sha ya rubuta a rahotonsa, rahoton kuma shi kamfani zai karanta kafin ya biya. Idan ya ga maganin hawan jini a rahoto bai gan shi a fom ba, yana da hujjar ƙin biyan kuɗin shanyewar jiki ko bugun zuciya gaba ɗaya, domin zai ce daga can suka samo asali. Saboda haka ɗan da ke cika wa mahaifinsa fom ya zauna da shi, ya ce, “Baba, a kawo ledar magungunan mu duba tare,” ya rubuta abin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya. Idan kamfani ya ƙi ɗaukar ciwon, gara a sani tun a Gombe, a nemi wani kamfanin ko a sake tunani a kan tafiyar.

Makonni huɗu zuwa shida kafin tashi a ga likitan da ya saba duba mutum, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko a duk inda katinsa yake. A nemi taƙaitaccen rahoto da Turanci mai ɗauke da ciwon, da magungunan da sunayensu na asali ba na kamfani ba, da yawan da ake sha, da rukunin jini, da duk maganin da jiki ba ya karɓa. Idan likita ya ce kada a yi tafiyar, a ji maganarsa, domin inshora ba ta biyan wanda ya tafi bayan likita ya hana. Magunguna su zama a kwalayensu na asali, a jakar hannu, da rarar aƙalla mako guda, saboda akwatin da aka miƙa a bakin jirgi yana iya kai wa dare kafin ya iso ɗaki, kantin jirgi kuma ba lallai ne yana da irin naka ba. Mai allurar insulin ya sanar da kamfanin jirgin tun da wuri domin a tanadar masa wurin sanyaya ta. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su tiramadol da kodin suna ƙarƙashin doka mai tsanani a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Masar, har ana ɗaure mutane a kansu. Mai sikila ko wani da likita ya rubuta masa irinsu ya riƙe takardar likitan, ya kuma nemi izinin hukumomin lafiya na Daular ta intanet kafin ya tashi.

Zazzaɓin cizon sauro ya cancanci kulawa ta daban. Lokacin da jiragen Bahar Rum suka fi cika shi ne daminarmu, kuma ƙwayar cutar tana ɗaukar mako guda ko fiye bayan cizo kafin ta bayyana, don haka mutum yana iya barin Pantami garau zazzaɓi ya rufe shi a tsakiyar teku. Likitan da ya saba da fasinjojin Turai zai fara tunanin mura ko ciwon ciki. Duk wanda ya ji zazzaɓi ya faɗa wa likitan tun a jimlar farko cewa daga Najeriya ya fito kwanan nan, ya nemi gwajin maleriya, domin irin da ya fi yawa a ƙasarmu yana iya tsananta cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman ga yara da masu juna biyu. Yana da kyau a tambayi likitan gida ko ya dace a tafi da maganin a jaka.

Mai juna biyu ta sani cewa mafi yawan manyan kamfanonin jiragen ruwa ba sa ɗaukar wadda za ta shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare, kuma ba a ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba a yawancinsu. Katin rigakafin cutar shawara kuma ana nemansa daga 'yan Najeriya a Saudiyya da Masar da Afirka ta Kudu da Mozambik. Yana fara aiki kwana goma bayan allura, kuma tun 2016, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, katin allura ɗaya yana aiki har tsawon rai.

A cikin jirgi da a tasha

Dubban mutane ne ke cin abinci a wuri ɗaya suna taɓa ƙarfen matakala ɗaya, don haka cuta mai yaɗuwa tana saurin zagayawa. Wadda aka fi sani ita ce ƙwayar noro mai sa amai da gudawa, kuma man goge hannu ba ya kashe ta sosai, sai wanki da sabulu da ruwa kafin cin abinci da bayan fita daga bayi. Wanda ya kamu ya sanar da asibitin nan take, kuma ya sa ran za a killace shi a ɗaki har kwana ɗaya ko biyu bayan ya warke. A karɓi takardar killacewar, domin wasu kamfanonin inshora suna biyan wani abu a kan kwanakin da aka rasa. Abin da ya faru da jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020, inda aka tsare mutum 3,711 fiye da 700 daga cikinsu suka kamu da korona, shi ya sa ya dace a duba abin da takardar inshorar ta ce game da annoba. Jiri da tashin zuciya kuwa abu ne mai sauƙi: ɗaki a tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, da maganin da likita ya amince da shi. Mai sikila da mai ciwon suga kada su bari amai ya daɗe, saboda ƙarancin ruwa a jiki ya fi yi musu illa.

Yawon da ake fita a tasha ma yana da sharuɗɗa. Hawa babur mai ƙafa huɗu a saharar Dubai, da babur ɗin ruwa, da nutso da tukunyar iska, galibi an cire su sai an saya musu ƙari. Kafin a sauka a kowace tasha a ɗauki hoton takardar shirin ranar da jirgin ke fitarwa, domin a jikinta ake buga lambar wakilin jirgin na wannan tashar, wanda shi ne mutumin da za a nema idan ciwo ko haɗari ya hana komawa kafin jirgi ya tashi.

Idan abin ya faru

A cikin jirgi, a kira lambar gaggawa da ke jikin wayar ɗaki. Ciwon ƙirji, karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, da numfashi da ƙyar, ba a jira da su gari ya waye don gudun kuɗin dare. A tudu kuwa lambar ita ce 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 998 a Daular Larabawa, 997 a Saudiyya, 911 a Amurka. Da zarar likita ya karɓi majinyaci, abokin tafiya ya kira layin agaji na inshorar, ya ba da lambar takarda da sunan jirgi, ya karɓi lambar fayil ya rubuta, ya kuma haɗa likitan jirgi da su. Wannan kiran na farko yana da nauyi ƙwarai, domin yawancin takardu sun ce kwantarwa a asibiti ko jirgin mayarwa gida da aka shirya ba da amincewar kamfani ba, ba lallai ne a biya shi ba. Kiran waya a tsakiyar teku ta tauraron ɗan'adam yake bi kuma yana da tsada, saboda haka a nemi teburin karɓar baƙi ko asibitin su taimaka da kiran, ko a sayi intanet ɗin jirgi.

Idan za a sauka, kada a bar jirgi sai da fasfo, domin a wasu hanyoyin ma'aikata ne ke riƙe fasfunan fasinjoji, sai kuma magunguna, da caja, da katin banki, da rahoton likitan jirgi, da rasit mai bayanin kowane abu da kuɗinsa. Wakilin jirgin a tasha shi zai taimaka wajen jami'an shige da fice idan babu bizar ƙasar. A sanar da ofishin jakadancin Najeriya mafi kusa, wanda ba ya biyan kuɗin asibiti, amma yana iya ba da takardar tafiya ta gaggawa idan fasfo ya ɓata, ya kuma haɗa mutum da 'yan Najeriya mazauna garin. A gida kuma a bar mutum ɗaya tsayayye da kwafin fasfo da inshora da jadawalin jirgi, wanda zai iya tura kuɗi, shi kaɗai kuma ake magana da shi domin kada mai jinya ya rasa abin yi tsakanin kiran dangi da na likita.

Idan kuma rai ya yi halinsa, manyan jirage suna da ɗakin ajiye gawa har a isa tashar da hukumominta za su karɓa, kuma su ne ke ba da takardar shaidar rasuwa, wani lokaci bayan bincike. Ɗauko gawa ta jirgin sama yana ɗaukar kwanaki, kuma yawanci sai an yi mata maganin hana lalacewa an rufe ta a akwati na musamman, abin da iyalai Musulmi da yawa ba sa so. Don haka a tambayi kamfani tun farko ko yana biyan kuɗin jana'iza a ƙasar da aka rasu a madadin dawo da gawa, iyali kuma su san ra'ayin mai tafiyar kafin ya tashi. Magana ce mai nauyi a baki, amma ta fi sauƙi a zaure fiye da a waya tsakanin ƙasa da ƙasa.

Bayan dawowa, a nemi fom ɗin neman biya a makon farko, domin kowace takarda tana da wa'adin da idan ya wuce kamfani zai iya ƙin saurara. A haɗa rahoton likitan jirgi da na asibitin tudu, da rasit na asali, da bayanin asusun ɗaki, da shaidar cirar kuɗi daga banki, da tikitoci, da shafin fasfo mai hatimin fita da shiga, da lambar fayil ɗin da aka karɓa a kiran farko. Rahoton da aka rubuta da Italiyanci ko Turkanci yana iya buƙatar fassara, saboda haka a roƙi asibitin kwafin Turanci tun kafin sallama. A ajiye hoton kowace takarda kafin a miƙa ta. Idan kamfani ya ƙi biya, a nemi dalilinsa a rubuce tare da sakin layin da ya dogara da shi, kuma idan dalilin bai gamsar ba, a kai ƙorafi sashen karɓar koke-koke na NAICOM da kwafin dukkan wasiƙun da aka yi musaya.